Manajan Aiki: Me Za Ka Ce wa Baba Idan Ya Tambaye Ka "Me Ake Sayarwa?"

A watan jiya ƙanwata, wadda ta gama sakandare bara, ta samu mahaifinmu bayan sallar isha'i ta ce masa tana son ta zama manajar aiki a kamfanin fasaha. A TikTok ta ga wata tana bayanin sana'ar, abin ya shiga ranta. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To Ummi, shi wannan aikin me ake sayarwa? In kin gama karatun shago za ki buɗe, ko ofis za a ba ki?" Ta rasa amsa. Sai ya juyo kaina: "Kai da kake kwana a kan kwamfuta, gaya min."

Na san da yawa daga cikinku za su ci karo da irin wannan tambayar a gida, shi ya sa na kawo amsar nan.

Aikin da Baba ya daɗe yana yi

Baba tela ne a Fagge, kuma duk wanda ya san layin teloli a watan azumi ya riga ya ga manajan aiki da idonsa. Maigidan shago ne yake sanin kala nawa aka karɓa, wa zai yanka, wa zai ɗinka, yaushe za a kai wa mai aikin wuya, yaushe za a karɓo daga masu bugu. Shi yake lissafin man janareta idan an ɗauke wuta. Shi ne kuma yake sanin ranar da za a daina karɓar ɗinki, ko da aminin gida ne ya kawo shadda.

A harkar manhaja ma haka ne. Abu uku manajan aiki yake riƙewa: girman aikin, lokacinsa da kuɗinsa. Idan aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Maimakon littafin awo, yana amfani da Trello ko Jira. A tsarin Scrum, wanda kamfanonin manhaja da yawa suke bi, ana yanka aiki gutsi-gutsi, kowane yanki bai wuce wata guda ba, kuma kullum ma'aikata suna taron minti 15 don a ji inda kowa ya maƙale.

Ranar da na gane amfaninsa

Shekara biyu da suka wuce, mu uku muka karɓi aikin manhajar lissafin kaya da bashi daga wani dila a Sabon Gari. Muka yi alkawarin mako shida, da baki kawai, ba a rubuta komai ba. A mako na biyu Alhaji ya ce a ƙara tura wa masu bashi saƙon tunatarwa. A mako na huɗu ya tuna yana da shago na biyu. Kowa cikinmu yana jin nauyin ya ce a'a. Aikin ya ci wata biyar a kan kuɗin farko, ɗayanmu ya yi fushi ya bar mu, shi kuma Alhaji har yau yana ganin mu muka ɓata masa lokaci.

Manhajar ta yi aiki lafiya lau. Abin da muka rasa shi ne mutum ɗaya da zai ce, "Alhaji, wannan ƙarin zai ci mako biyu da kuɗi kaza, ka amince mu rubuta?" Wannan mutumin ake biya albashin manajan aiki.

Inda iyaye suke da gaskiya

Tsoron iyaye bai tashi a banza ba. Na farko, sun saba da sana'ar da ake gani: likita da asibiti, ɗan kasuwa da rumfa a Kantin Kwari, ɗan canji da teburinsa a Wapa. Manajan aiki ba shi da kayan da zai nuna.

Na biyu, a ƙasar nan da an ce "furojet" sai a tuna kwangilar da aka ci kuɗinta aka gudu. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta kuwa tun wajen 1979 ake maganarsa. Duk uban da ya ga irin wannan, ba laifinsa ba ne idan ya ɗaure fuska.

Na uku shi ne mafi nauyi: da wuya wannan ya zama aikin farko na mutum. Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ce take ba da shaidar PMP da aka fi sani a duniya. Kafin mai takardar sakandare ya zauna jarrabawar, sai ya nuna ya yi wata 60 yana jagorantar ayyuka, ga kuma awa 35 na horo. Mai digiri wata 36 ake nema a wurinsa. Su kansu masu sana'ar sun san cewa wanda bai taɓa zama a kan keke ba, ba zai iya ce wa tela ya yi sauri ba. Ƙari a kan haka, irin waɗannan guraben sun fi yawa a Legas da Abuja, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin da ake yi wa aiki ta intanet. A ƙananan kamfanonin Kano, yawanci mai kamfanin ne yake haɗa wannan aikin da nasa.

Hanyoyin da suke a buɗe

Ga wanda iyayensa suke son ganin digiri, jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna, Akure da Owerri suna koyar da fannin. Akwai kuma cibiyar ƙwararru ta CIPMN da doka ta kafa a Najeriya a 2018, don haka za ka iya gaya wa Baba cewa hukuma ta san da sana'ar.

Ga mai waya da data kuma, PMI tana da ƙaramar shaida mai suna CAPM, wadda takardar sakandare da awa 23 na horo suka isa a zauna mata. Google ma ya fitar da kwas na masu farawa a Coursera tun 2021. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 yana da ɓangaren kula da samar da manhaja, wanda ɗan'uwan wannan fannin ne. Sai dai ku lura, jarrabawar PMI da dala ake biyanta, kuma duk wanda ya ce maka kwas ɗin mako uku zai sa ka fara karɓar albashin dala, kuɗinka yake so.

Wasu suna tambaya ko ChatGPT da ire-irensa ba za su kashe sana'ar ba. Gaskiya suna iya tsara jadawali da taƙaita bayanan taro cikin daƙiƙa. Amma ba za su je Sabon Gari su zauna gaban Alhaji su lallashe shi ya haƙura da ƙarin da yake so ba.

Shawarata ita ce ka fara riƙe wani abu da hannunka: rubuta manhaja, zanen fuskar manhaja, gwajinta, lissafin kuɗi, ko ma gini. Sannan ka nemi ƙaramin aiki ka jagoranta, ko walimar makaranta ce, ka rubuta abin da aka yi alkawari da ranar da aka cika. Wannan tarihin shi ake tambaya a wurin ɗaukar aiki, kuma shi ne yaren da iyaye suke ji.

Yadda muka ƙare a gida

Da na gama bayani, Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe aikina ne kuka sa wa sunan Turanci." Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce Ummi ta ci gaba da shirin JAMB, sannan azumi mai zuwa ita za ta riƙe lissafin ɗinkin shago a wayarta: sunan mai kaya, ranar karɓa, wanda aikin yake hannunsa, da abin da ya rage a biya.

"In kika fitar da mu Sallah ba wanda ya zo ƙofar shago yana mana ihu," in ji shi, "sai mu zauna mu yi maganar."

Ta riga ta buɗe Google Sheets, ta fara da shafin awon kwastomomi.