Me ya sa aku ke kishin mai shi?

Masu kiwon aku da dangoginsa a gida sukan wayi gari su ga tsuntsun da suka rena tun yana ɗan tsako ya sauya hali baki ɗaya.

Sai ya manne wa mutum guda a gidan, ya riƙa ihu idan ya fita, ya kuma kai cizo ga duk wanda ya matso kusa da shi, ko da matarsa ce ko 'ya'yansa.

Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin tsananin ƙauna, har su riƙa alfahari da shi a gaban baƙi. Likitocin dabbobi kuwa na cewa abin da ke faruwa shi ne tsuntsun ya balaga, kuma ya ɗauki mai shi a matsayin abokin barbararsa, lamarin da ka iya kai shi ga rashin lafiya, wani lokaci ma ga halaka.

Yadda abin ke farawa

A daji, yawancin jinsunan aku namiji ɗaya da mace ɗaya ne ke haɗuwa, su daɗe tare, suna gyara wa juna gashi, suna kuma tsare kogon bishiyar da suka yi sheƙa a ciki.

Aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ake samu a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yakan balaga ne tsakanin shekara 3 zuwa 5, kuma a hannun mutane yana iya kai shekara 40 zuwa 60. Wato matsalar takan ɓullo ne bayan an shafe shekaru ana zaman lafiya da shi.

Yadda aka rene shi ma yana da tasiri. Tsakon da aka raba da iyayensa, mutum ya riƙa ɗura masa abinci da hannu, yakan tashi yana kallon ɗan Adam a matsayin ɗan uwansa.

Masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya ba da labarin wani tsuntsu dangin hankaka da aka rena da hannu, wanda ya riƙa ƙoƙarin cusa masa tsutsotsi a baki da kunne, kamar yadda zai ciyar da macensa.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Switzerland, aka wallafa a 2006, ya gano cewa aku masu ruwan toka da aka rena da hannu sun fi faɗa da kuma zaɓen mutum, idan aka kwatanta da waɗanda iyayensu suka rena. A 2014 ƙasar Holand ta hana raba tsakin aku da iyayensu kafin su yi ƙwari.

Haske da abinci

Jikin tsuntsu ba ya shirin haihuwa sai ya ga alamun cewa lokaci ya yi. Idan yini ya yi tsawo, abinci ya wadata, aka kuma samu wurin sheƙa da abokin zama, sai ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran da ke tayar da gaɓoɓin haihuwa.

A birane irin su Landan tsawon yini yakan tashi daga kimanin sa'o'i 8 a hunturu zuwa fiye da 16 a bazara, shi ya sa masu kiwo a can ke alaƙanta matsalar da wani lokaci na shekara.

A Kano kuwa bambancin bai kai sa'o'i biyu ba. Amma kejin da aka ajiye a falo, inda fitila da talabijin ke kunne har tsakar dare, yana sa tsuntsun ya ga kamar kullum doguwar rana ce. Idan aka haɗa da gyaɗa da sauran abinci mai maiƙo da ba ya yankewa a gabansa, to an gama shirya shi.

Sai kuma shafa. Tsuntsayen garke ɗaya sukan sosa wa juna kai da wuya, amma taɓa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, wannan na abokin barbara ne kaɗai. Mai tsuntsu da ke shafa shi daga kai har wutsiya, kamar yadda ake yi wa kyanwa, yana aika masa da saƙon da bai yi niyya ba.

Daga cikin alamun akwai dawo da abincin da ya haɗiye don ya ba mai shi, da sassauta fukafukai yana rawar jiki, da goga gindi a hannu ko kafaɗa, da neman lungu mai duhu a ƙarƙashin kujera ko cikin kwali, da yayyaga takarda.

Inda haɗarin yake

Namiji yakan zama mafaɗaci, wasu kuma su koma fige gashin jikinsu har ƙirji ya zama fata zalla.

Amma mace ce ta fi shiga haɗari, domin tana iya yin ƙwai ko babu namiji, kamar dai kaza. Ƙananan jinsuna da ake kira cockatiel da budgerigar da lovebird sun fi yin haka, wata ta yi ta zuba ƙwai ba hutawa.

Kowane ɓawon ƙwai yana janye sinadarin kalsiyam daga jikinta. Idan ya yi ƙaranci sai ƙasusuwanta su yi rauni, ko ƙwai ya maƙale a cikinta. Tsuntsuwar da aka gani a ƙasan keji ta kumbura gashi, tana yunƙuri tana numfashi da ƙyar, tana bukatar likita nan take.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwashe ƙwan da zarar ta yi. Duk mai kiwon kaji ya san cewa kazar da ake kwashe wa ƙwai ba ta daina yi. Likitoci na ba da shawarar a bar mata su, ko a musanya da na roba, ta kwanta a kai har kusan mako uku, sai ta gaji don kanta.

Matakan da ake ɗauka

Na farko shi ne barci. Ana so tsuntsun ya samu sa'o'i 10 zuwa 12 na duhu da shiru kowane dare, a wani ɗaki dabam idan da hali.

A tsayar da shafa a kai da wuya, a cire madubi da kwali da duk abin da ya yi kama da sheƙa, a rage gyaɗa da abinci mai ɗumi da laushi, a ƙara ganyaye. Ba shi abinci daga baki zuwa baki kuwa, ban da tayar masa da sha'awa, hanya ce ta yaɗa cuta tsakanin mutum da tsuntsu.

A daji aku yakan shafe sa'o'i yana neman abinci, a keji kuwa cikin mintoci ya ƙoshi. Ɓoye masa abincin a cikin ƙullin takarda ko ramin itace yana ba shi aikin da zai ɗauke masa hankali.

Abin da ya fi yi wa masu kiwo wuya shi ne ja da baya. Wanda tsuntsun ya zaɓa sai ya bar wa sauran mutanen gida ciyarwa da wasa da shi, idan kuma ya fara rawar neman aure, a mayar da shi kan sandarsa ba tare da tsawa ba. Duka da tsawa ba sa rage sinadaran jiki, sai dai su ƙara masa tsoro da cizo.

Idan duk wannan bai yi ba, likitoci na amfani da allurar leuprolide, ko wani ɗan ƙanƙanin magani mai suna deslorelin da ake dasawa a ƙarƙashin fata, wanda ke danne sinadaran na tsawon watanni. Tiyatar cire mahaifar ƙwai tana da haɗari sosai ga tsuntsu, don haka sai ta zama dole ake yin ta.

Wasu sukan yi tunanin sayo masa abokin zama. Wannan ba ya ba da tabbacin komi, domin tsuntsun da ya saba da mutum yana iya far wa baƙon, mace kuma ta ƙara yawan ƙwai.

Ga aku mai ruwan toka akwai kuma batun doka. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016, an haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, bayan bincike ya nuna cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na waɗannan tsuntsaye tun daga 1992.