Wa ke horar da masu tantance irin GMO a Afirka?

A shekarar 2002 fari ya cinye gonakin kudancin Afirka, miliyoyin mutane suka faɗa cikin yunwa. Amurka ta aiko da masarar agaji, a cikinta har da wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato abin da ake kira GMO. Malawi da Mozambik da Zimbabwe sun karɓa bisa sharaɗin a niƙa ta, don kada manoma su shuka. Zambiya kuwa, ƙarƙashin Shugaba Levy Mwanawasa, ta ce sam. An zarge ta da taurin kai alhali mutanenta na kwana da yunwa. Sai dai a lokacin ƙasar ba ta da dokar kula da irin wannan iri, kuma har sai da ta tura masananta ƙasashen waje su je su ji ta bakin masana kafin ta tsaya kan matsayinta.

Wannan rikici ya faru ne daidai lokacin da duniya ke shimfiɗa ƙa'ida. An amince da Yarjejeniyar Cartagena a Montreal a watan Janairun 2000, ta fara aiki a Satumban 2003. Ta ba kowace ƙasa ikon auna haɗari kafin ta bari a shigo mata da irin da aka sauya wa halitta, sashe na 22 kuma ya yi tanadin taimaka wa ƙasashe masu tasowa su samu ƙwararru. Ikon yana kan takarda, masu aiki da shi ne babu. Daga nan kasuwar horo ta buɗe. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin asusun GEF, ta taimaka wa ƙasashe fiye da ɗari su tsara daftarin dokokinsu. Cibiyar ICGEB mai hedikwata a Trieste ta Italiya ta riƙa shirya kwasa-kwasai. A 2010 hukumar NEPAD ta ƙaddamar da ABNE a Wagadugu, tare da Jami'ar Jihar Michigan, da tallafin Gidauniyar Gates, don horar da jami'an gwamnati.

Me ake koyarwa? Yadda za a karanta tulin takardun da kamfani ya miƙa a gane inda ya yi tsallake. Yadda za a killace gonar gwaji don kada garin fure ya tsallaka zuwa gonar maƙwabci. Ko sabon sinadarin da ke cikin shukar zai iya zama guba ko ya tayar da borin jini, da abin da zai yi wa ƙudan zuma da sauran ƙwari masu amfani. Aiki ne mai wuya, kuma yana bukatar masanin tsirrai da likita da lauya a zama ɗaya.

Horon ya yi tasiri. Najeriya ta kafa hukumar NBMA mai kula da GMO a 2015, aka amince da audugar Bt, wadda aka sauya wa halitta don ta kashe tsutsa, a 2018, sannan waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya suka samar don maganin tsutsar Maruka mai huda kwanson wake. Masu aikin sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai koma sau biyu. Gana ta bi sahu a 2022. A Kenya an ga illar rashin sauraron masu tantancewa: a 2012 gwamnati ta haramta shigo da abincin GMO bayan wani bincike kan ɓeraye daga Faransa, wanda mujallar da ta buga shi ta janye shi a shekarar da ta biyo. Haramcin ya zauna shekara goma, da aka ɗage shi kuma aka ƙare a kotu.

Amma akwai abin da ke damun mai lura. Mafi yawan kuɗin horon daga waje ya zo, kuma kaso mai tsoka daga hannun waɗanda ke son a karɓi fasahar, irin su hukumar USAID da ta ɗauki nauyin shirin horo na PBS. A ɗaya ɓangaren, cibiyar GenØk ta Norwe ta yi kwasa-kwasai masu karkata ga taka-tsantsan. Wannan bai sa abin da suka koyar ya zama ƙarya ba. Illarsa ita ce ta amana: idan jami'i ya sa hannu kan izini, ƙungiyoyi kamar HOMEF ta Nnimmo Bassey sukan tambayi wanda ya koya masa aikin, talaka kuma ya rasa wanda zai gaskata.

Giɓi na biyu ya fi girma. Horon ya fi ƙarfi kan ranar ba da izini, ya yi rauni kan abin da ke biyo baya. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt gadan-gadan a 2008, tsutsa ta ragu, manoma suka huta da feshi. Amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har kamfanonin audugar ƙasar suka watsar da irin a 2016. Ba batun guba ba ne, batun inganci da aljihu ne, wanda awon haɗari ba ya dubawa. A Indiya kuwa, wata tsutsar auduga ta saba da sinadarin Bt ta koma ɓarna, kuma cikin dalilan da masana ke kawowa akwai rashin shuka audugar gargajiya a gefen gona kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Wannan ƙa'ida a bakin malamin gona take isa ƙauye, shi kuwa ba kasafai ake gayyatarsa taron horo a otal ba.

Gwamnatin da ta ba da izinin shuka waken SAMPEA 20-T da masarar GMO ta TELA ya wajaba ta sa kuɗin horo cikin kasafinta, ta gina ɗakunan gwaji na kanta, ta kuma kai horon har ga malaman gona da jami'an kan iyaka da dillalan iri.