Rumbun Gwaji a Kan Tebur: Riba da Tarkon Kwaikwayon Rumbun Bayanai

A watan Maris na 2020, wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Milkie Way ya ɗora sabuwar manhajarsa a kan sabar Google don gwaji. Akwai kuskure a rubutun: manhajar ta riƙa kiran kanta tana maimaita aiki ɗaya, tana karanta rumbun Firestore ba ƙaƙƙautawa. Kafin a farga, karatun ya kai sau biliyan 116, bashi kuma ya kai dala 72,000. Google ta yafe musu daga baya. Da a kan kwamfutar ma'aikaci aka yi gwajin, iyakar abin da zai faru shi ne na'urar ta yi zafi, a kashe ta, a gyara.

Irin wannan tsoro na cikin abin da ya sa masu rubuta manhaja suka rungumi kwaikwayon rumbun bayanai. Ƙaramar manhaja ce da ake kunnawa a kan kwamfutar mutum, tana amsa umarni kamar yadda rumbun gaske da ke cibiyar kamfani zai amsa. Amazon ta buɗe rumbunta na DynamoDB a 2012, a shekarar da ta biyo baya ta fitar da DynamoDB Local, mai saurare a ƙofa mai lamba 8000. Microsoft na da nata na Cosmos DB, Google kuma na da na Firestore da na Spanner. Mai rubutu yana sauya adireshi ɗaya ne kawai, manhajarsa ta koma magana da na gida ba tare da ta san an yi musanya ba.

Tushen lamarin kuwa shi ne yadda kasuwar ta sauya. A da, mai aiki da MySQL ko PostgreSQL yakan sauke ainihin rumbun kyauta ya girka. Sabbin rumbunan haya ake ba da su, ana lissafin kuɗi a kan karatu da rubutu, kuma ba a raba ainihin injinsu ga kowa. Ga kuma al'adar gwaji mai sarrafa kansa, inda duk ƙaramin gyara ke tayar da ɗaruruwan gwaje-gwaje. Kowanne yana son rumbu fanko, a cika, a share, a sake. Zuwan Docker a 2013 ya sauƙaƙa wannan matuƙa, domin umarni ɗaya ya isa a tayar da rumbu.

Ga mai rubuta manhaja a Kano ko Kaduna, ribar ta fi fitowa fili. Da dala ake biyan hayar, ita kuwa dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Rumbun gida ba ya cin data, ba ya jiran sabis ya dawo, kuma ɗalibi zai iya koyo ba tare da ya miƙa katin banki ba. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba: bayanan ƙirƙira ake zubawa a ciki, don haka sunaye da lambobin wayar abokan ciniki ba sa yawo a kwamfutocin ma'aikata.

Matsalar ita ce kwaikwayon yana da saurin yarda. Firestore na gaske ba ya amsa wasu tambayoyi masu haɗa sharuɗɗa da yawa sai an riga an gina musu fihirisa. Idan babu, ƙi yake yi ƙiri-ƙiri. Na gida kuwa ba ruwansa da fihirisa, duk tambayar da aka rubuta daidai zai amsa. Sai gwaji ya nuna komai lafiya, a saki manhaja, shafin da ya fi muhimmanci ya ƙi buɗewa a hannun jama'a. DynamoDB Local, wanda a ƙarƙashinsa SQLite ne ke riƙe bayanan, ba ya kula da iyakar buƙatun da aka ware wa tebur, alhali na gaske yana mayar da buƙata idan aka zarce. Ba ya ma tantance makullin shiga. Ke nan kurakuran izini, na cunkoso da na jinkirin hanya, waɗanda su ne ke kayar da manhaja ranar da mutane suka yi yawa, da yawansu ba sa bayyana a gida. Kamfanonin sun rubuta waɗannan bambance-bambance a takardunsu, sai dai wanda gwajinsa ke wucewa da wuya ya koma ya karanta, kuma a nan ne laifin ke komawa kan mai rubutu.

Shi ya sa ƙwararru suka raba aikin gida biyu. Gwajin yau da kullum a kan kwaikwayo, sannan kafin saki a yi wani zagaye a kan rumbun gaske cikin asusu na daban, da ƙararrawar kashe kuɗi a kunne. Inda rumbun buɗaɗɗe ne kamar PostgreSQL, da yawa sun bar kwaikwayo gaba ɗaya, suna tayar da ainihinsa cikin Docker ta hanyar Testcontainers, wanda kamfanin Docker ya sayi kamfanin da ke bayansa, AtomicJar, a Disambar 2023. Masu DynamoDB da Firestore ba su da wannan zaɓi. Abin da Amazon ta ba masu DynamoDB shi ne wani umarni da ke sa DynamoDB Local ya jinkirta wasu ayyuka da gangan, kamar gina fihirisa, don manhaja ta saba da jiran da za ta tarar a waje.