Kayan jirgin Larabawa da ya nutse shekara 1,200 na ci gaba da jawo muhawara a Singafo

A bakin kogin Singafo akwai wani tsohon ginin gwamnati na zamanin mulkin Turawan Ingila, wanda tun 2003 ya zama mazaunin Asian Civilisations Museum, wato gidan tarihin al'adun nahiyar Asiya. A ciki akwai ɗakunan gumakan addinin Buddha da na Hindu, da sashen fasahar Musulunci, da na tufafi da kayan ado.

Sai dai ɗakin da ya fi tsayar da maziyarta shi ne wanda aka jera ɗaruruwan kwanukan tangaran, wasu sama wasu ƙasa kamar igiyar ruwa. Duk an tsamo su ne daga jirgin ruwa guda ɗaya da ya nutse a ƙarni na tara.

Yadda masunta suka gano shi

A 1998 ne wasu masu nutso a teku, waɗanda ke neman wata halittar ruwa da Sinawa ke ci, suka ci karo da tarin tukwane kusa da tsibirin Belitung na ƙasar Indonesiya. Zurfin wurin bai wuce mita 17 ba.

Da aka tono, sai aka samu kaya kusan 60,000, akasarinsu kwanukan da aka gasa a Changsha da ke lardin Hunan na ƙasar Sin, a zamanin daular Tang. Ɗaya daga cikin kwanukan na ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da shekarar 826, abin da ya taimaka wa masana wajen sanin lokacin tafiyar.

Da yawa daga cikin kwanukan sun fito lafiya lau saboda dabarar da aka yi wajen lodi. An jera su ne zagaye-zagaye a cikin manyan randuna, randunan kuma suka kare su daga yashi da ruwan gishiri. Wasu har yanzu suna sheƙi kamar jiya aka sauke su daga wuta.

Mai ziyara zai kuma ga madubai na tagulla, da akwatunan azurfa, da wani kofin zinare mai kusurwa takwas da aka ƙawata da siffofin makaɗa da mai rawa. Akwai kuma farantai uku masu zanen shuɗi a kan fari, waɗanda suna cikin mafi tsufa irinsu da aka samu ba su fashe ba.

Jirgin da aka ɗinka da igiya

Kayan na Sin ne, amma jirgin ba na Sinawa ba ne. Tsawonsa ya kai kimanin mita 18, kuma ba a haɗa katakansa da ƙusa ba. An huda su ne aka ɗinke da igiya, irin ƙirar da aka san mutanen gaɓar Larabawa da yammacin tekun Indiya da ita.

Binciken da aka yi wa katakon ya nuna cewa akwai na itacen kawo a ciki, wanda a Afirka yake fitowa. Ke nan itacen Afirka ne ya ɗauko tangaran ɗin Sin, kuma masana na ganin ya nufi kasuwannin daular Abbasiyya ne, wadda Bagadaza ce babban birninta, Basra kuma na cikin manyan tashoshinta.

Hakan ya faru ne shekara fiye da 600 kafin Vasco da Gama na Fotugal ya isa Indiya a 1498. Littattafan Larabawa da na Sinawa sun daɗe da ambaton wannan ciniki, amma jirgin Belitung ne ya kawo hujjar da ido ke gani. Yawan kwanuka iri ɗaya ya kuma nuna cewa tun a wancan zamani akwai masu ƙera kaya da yawa musamman domin kasuwar waje.

Domin gwada ko irin wannan jirgi zai iya doguwar tafiya, an ƙera makamancinsa a Oman da katakon kawo daga Ghana, aka sa masa suna Jewel of Muscat. Ya tashi daga Maskat a Fabrairun 2010, ya isa Singafo a watan Yuli.

Inda gardama take

Ba jami'a ko hukumar adana tarihi ce ta tono jirgin ba. Wani kamfanin kasuwanci ne mai suna Seabed Explorations, na Bajamushe Tilman Walterfang, ya yi aikin a 1998 da 1999 da izinin gwamnatin Indonesiya. A 2005 aka sayar wa Singafo kayan kan kimanin dala miliyan 32.

Wannan ciniki ne ya fusata masana binciken kufai da dama. Hujjarsu ita ce tono irin na kimiyya na buƙatar shekaru, ana rubuta inda aka samu kowane abu da abin da ke kusa da shi, kuma idan aka yi gaggawa wannan ilimi ya tafi ke nan har abada. Suna kuma tsoron cewa nuna irin waɗannan kaya zai ƙarfafa wa masu farautar dukiyar teku gwiwa. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta yi hani da cinikin kayan tarihin ƙarƙashin ruwa, kodayake an tono na Belitung kafin a yi ta.

Matsin lambar ya kai ga cibiyar Smithsonian ta Amurka ta dakatar, a 2011, da baje kolin da ta shirya yi a Washington a shekarar da ke biye.

Masu kare aikin kuwa na cewa jirgin na cikin ruwa mara zurfi, kusa da gaɓa, kuma ɓarayi sun riga sun fara ɗibar kayan. A ganinsu, da an jira shekaru ana neman kuɗin bincike, da kwanukan sun watse a kasuwannin duniya ɗaya bayan ɗaya. Sun kuma nuna cewa wani masanin binciken kufan teku, Michael Flecker, ya jagoranci zango na biyu na aikin, ya kuma wallafa abin da ya gani.

Akwai kuma batun Indonesiya. A ruwanta aka samu jirgin, amma ɗan ƙasar da ke son ganin mafi yawan kayan sai ya tsallaka zuwa Singafo.

Tun 2015 kayan ke zaune a ɗakin Khoo Teck Puat na gidan tarihin, wanda aka sa wa sunan attajirin da dukiyarsa ta taimaka wajen sayen su. Daga baya an kai wani ɓangare nasu birnin New York a 2017 aka nuna wa jama'a.

Har yau ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Abin da suka yarda da shi kawai shi ne akwai sauran jiragen da ke kwance a ƙarƙashin tekun Indonesiya, kuma duk ranar da masunta suka sake gano wani, za a sake fuskantar wannan zaɓi: a yi sauri a tsamo kayan, ko a jira masana alhali ɓarayi ba sa jira.