Daga Juyen Mai Zuwa Mutuwar Giya

Potiskum garin manyan motoci ne. Tirelolin da ke lodin shanu zuwa kudu su suka raini makanikai da yawa a yankin, kuma hannunsu ya faɗa ne a kan giyar hannu, wadda ake ɗura wa mai mai kauri a manta da ita. Sai ga Corolla da Camry da Accord 'yan Kwatano masu giya otomatik sun cika hanya, har ƙauyukan Nangere irin su Dazigau da Degubi. Motoci sun sauya, al'adar gareji ba ta gama sauyawa ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya kai lafiyayyiyar motarsa juyen baƙin mai. Yaron gareji ya shige ƙasa, ya tarar da noti biyu kusa da juna, ya kwance na giya a maimakon na inji. Jan mai ya tsiyaye cikin faranti, ba wanda ya duba launinsa. Aka ɗura sabon baƙin mai a kan tsohon. Yanzu inji ya cika ya batse, giya kuwa ta rasa lita 3 zuwa 4. Wani lokacin kuma juyen man giyar aka yi da gangan, amma aka zuba wanda ya samu a kanti. Ka yi magana a ce, "Alhaji, ai mai duk mai ne."

A giyar otomatik ba haka ba ne. Man ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke aikin da ƙafar direba ke yi a kan kuloci. Famfo ne a ciki, wanda inji ke juyawa, yake tura man da ƙarfi ta wasu siraran hanyoyi ya matse faifayen da makanikai ke kira faiba. Mai ya yi ƙasa, famfo ya zuƙi iska, matsi ya ragu, faifayen su riƙa sulɓewa a kan juna suna ƙonewa. Abin da direba zai ji shi ne ya sa D motar ta yi jim kafin ta ɗauka, ko ya taka totur inji ya yi ta gurnani mota ba ta gaba. Mai ya yi yawa kuma, sai ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa kamar nono a ƙwarya, kumfa kuwa ba ta matsa komai.

A ganina kuskuren yaron ba shi ke kashe giyar ba. Abin da ke kashe ta shi ne "bari in lallaɓa in kai gida." A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, 'yar tafiyar da ke tsakanin Potiskum da Sabon Garin Nangere ta isa ta cinye faiba. A tsaya, a kashe mota. Kada kuma a ɗaura mata igiya a ja ta nesa da tayoyin gaba a ƙasa, don famfon ba ya aiki in inji a kashe yake. Tura ta don ta tashi ma wahalar banza ce.

Abin da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa shi ne awo da sauyi. A fara duba baƙin man inji, in ya wuce layi a rage kafin a tayar. Sannan a samu wuri mai daidai, ba gangare ba, a zaro sandar awon giya a goga a farin ƙyalle. In ta fito a bushe, a ƙara mai kafin a kunna. Awon ƙarshe sai mota ta ɗumama: a taka birki, a bi da giya ta kowane harafi a hankali, a dawo P. Toyota ana auna ta inji na aiki. Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan bambancin kaɗai ya sa an cika motoci da yawa fiye da kima. Ƙari kuma kaɗan-kaɗan ake yi da mazurari, ba a juye galan.

Irin man yana rubuce a littafin mota, sau da yawa ma a jikin sandar awon. Tsofaffin Toyota da yawa na shan T-IV, na baya-bayan nan WS. Honda na da Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Dexron, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya fito da shi a 1967, ya yi suna har wasu na ɗauka kowace mota za ta sha, alhali ba haka ba. Corolla 'yar Amurka ta 2014 zuwa sama yawanci giyar CVT gare ta, mai bel ɗin ƙarfe, kuma manta daban ne kwata-kwata.

Idan man da bai dace ba ya riga ya shiga, juye ɗaya ba ya fitar da shi, domin sama da rabi na maƙale a cikin giyar da tulun ƙarfen da ke tsakaninta da inji. Sai a juye, a auna abin da ya fita, a mayar da sabo daidai wannan adadin, a ɗan zagaya unguwa, a sake. A giyar da ke cin lita 8, wadda ke zubar da uku da rabi kowane juye, sau uku zai sauya sama da kashi 80 cikin 100. Akwai tsada, amma a tambayi kuɗin giyar Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano a kwatanta.

Gyaran gida na da iyaka. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko aka ga ɓarɓashin ƙarfe a faranti, faiba ta riga ta tafi, sabon mai ba zai dawo da ita ba. In ya koma ruwan hoda mai kauri, ruwan lagireto ne ya shiga. Camry ta 2010 zuwa sama ma ba ta da sandar awo, ta wani noti a ƙasa ake gwada ta, man yana da zafin digiri 40 ko kusa da haka, kuma sai an jona na'urar da ke karanta kwamfutar mota. Irin waɗannan a ɗora su a bayan babbar mota a kai wa wanda aikinsa ke nan.