Kyautar alƙalai da kyautar ubangida: daga MOBO zuwa gasar Ɗan Gurmu

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari muna son mu duba abin da ke canzawa idan sakamakon mawaƙi ya tashi daga hannun ubangida ya koma hannun alƙalan gasa. Za mu kwatanta bukukuwa biyu, sannan mu auna su da abin da ake gani a Saga, tsohon garin Zabarmawa na bakin kogin Isa wanda birnin Yamai ya haɗiye.

1. Bukukuwan biyu

Kanya King ce ta kafa bikin MOBO a London a 1996, domin karrama kiɗan da ya samo tushe daga baƙar fata, kamar rege, jaz da hip-hop. Asalin kiɗan ake dubawa. Launin mai yin sa bai zama sharaɗi ba. Sai a 2005 aka keɓe wa mawaƙan Afirka rukuninsu.

A Nijar kuwa, gwamnati ta buɗe gasar Ɗan Gurmu a 1987, da sunan shahararren makaɗin nan na Adar. Manufarta ita ce ƴan kiɗan zamani su gina waƙoƙinsu kan kiɗan gargajiya, cikin harsunan ƙasa. Gasar dai ba ta samu gudana kowace shekara ba.

2. Ma'aunin Saga

A al'adar Zabarmawa, jasare yakan jero asalin gidan da ya gayyace shi, yana kaɗa molo. Wanda aka wasa shi ne alƙali, kuma nan take yake biya, kamar yadda sarakunan Hausa ke yi wa makaɗan fada. Tsawon waƙar ya danganta da zurfin asalin da kuma hannun mai kyauta.

Gasa tana da nata sharuɗɗa: ƙayyadadden lokaci, dandali, da jigo mai amfanar kowa. Waƙar da aka yi domin gida ɗaya ba ta shiga wannan ma'auni sai an datse ta. Ke nan gasar da ke ɗauke da sunan makaɗin gargajiya ta fi buɗe ƙofa ga masu jita da ke aro daga gare shi.

Kammalawa

Bukukuwan biyu suna karrama asali, amma ta hanyar waɗanda suka sabunta shi. Muna ganin ya kamata ɗalibanmu su naɗi waƙoƙin bukukuwan aure da suna a unguwanni irin Saga, su kwatanta su da waɗanda suka ci gasa, domin a tantance abin da dandali ke zubarwa.