Bayan an sallamo shi daga Dala

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Kunci da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona ba a barin saura, ƙarfin gida yana jikin samari ne. Su ke huɗa, su ke kai mangalar taki gona, su ke tafiya cirani. Idan ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya faɗo daga kan ɗorawa, ko ramin ƙasar gini ya rufta masa, ko babur ya kayar da shi a hanyar Kazaure har lakarsa ta taɓu, gidan gaba ɗaya ne ya kwanta.

Ɓarna ta biyu takan faru tun a wurin. Jama'a, cikin tausayi, sai su cicciɓo shi su zaunar a mota, wani lokaci a zarce wajen mai ɗori. Masu ɗori sun iya karayar hannu da ƙafa, amma laka ba ƙashi ba ce, ja da matsa na iya ƙarasa abin da ya rage. Abin yi shi ne a kwantar da shi a miƙe kan katako ko ƙyaure, a riƙe kansa kada wuya ya motsa, sai asibiti.

Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna yin nasu. Jarrabawar tana farawa ne ranar da aka dawo gida. Abin da ya fi kashe waɗannan matasa shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, kuma duka biyun ana iya kauce musu. Likita Ludwig Guttmann ya tabbatar da haka a Stoke Mandeville ta Ingila tun 1944, lokacin da ake ɗaukar mai irin wannan rauni tamkar mai jiran ajali. Ya sa a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a tsaftace hanyar fitsari, sannan a tashe shi ya yi sana'a da wasa. Gasar da ya fara a 1948 ita ta zama wasannin naƙasassu na duniya a Rum a 1960.

Wannan ilimi ba ya buƙatar lantarki. Uwa ko matar da ke jinya ta riƙa duba ƙugu, mazaunai da diddige kullum. A fatarmu wurin ba ja yake yi ba, duhu yake yi, ya yi zafi ko tauri, shi kuwa mai jikin ba ya jin komai. Majinyata da yawa kuma suna rage shan ruwa don kunyar jiƙa shimfiɗa, alhali ƙarancin ruwan ke lalata ƙoda.

Sai batun fita. Keken asibiti nutsewa yake a rairayi. Mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar masu shan inna ke ƙerawa a Kano, ya fi dacewa da hanyoyinmu, amma dole a sa matashi mai laushi, domin mai shan inna yana jin zafin zama ya gyara, mai raunin laka ba ya ji. A sassare dokin ƙofar zaure, a yi wa masai kujera. Wanda hannuwansa ke aiki zai iya ɗinkin hula, gyaran waya, tireda ko koyar da allo. A ganina, jarin da zai zaunar da shi a bakin kasuwa ya fi masa buhun gero goma na sadaka.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta kai ƙofar ɗakin da yaron nan ke kwance ba. Muna kira ga ƙananan hukumomi su koya wa ma'aikatan asibitocin karkara duba gyambo da canza robar fitsari, su riƙa bin waɗannan matasa gida. Masu fitar da zakkar amfanin gona kuma, a kakar bana su tuna da su.